Yaran da Na Ce Ba Su da Kai

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Isiyaku, ɗan kawuna kuma taubashina, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi a wata sakandare a Bodinga. Ni ma lissafin nake koyarwa a Shagari. Tun muna yara ba mu taɓa yarda ɗaya ya fi ɗaya ba, ko da a cin tuwo ne.

Isiyaku yana da wata ɗabi'a da muke yi masa tsiya a kanta. Mu in mun duba takardun jarrabawa, sai mu tara maki, mu rubuta da jan biro, shi ke nan. Shi kuwa sai ya juya bayan tsohuwar kalanda ya ja layuka, sunayen ɗalibai a tsaye, lambobin tambayoyi a kwance, ya bi kowane yaro yana sa alama inda ya ci da inda ya faɗi. Nakan ce masa da tsince tsakuwa a gero ya kama, da ya yi suna.

Wata shekara 'yan ajin ƙarshe suka yi mini mummunar faɗuwa a jarrabawar gwaji. Al'adarmu a lokacin, wanda ya faɗi warwas ba a yi masa rajistar jarrabawar fita, don kada ya ɓata sunan makaranta. Shugaba ya ba ni mako guda in kawo sunaye. Yawancinsu 'yan Mandera da Dandin Mahe ne, kuma na san duk wanda na cire ya bar karatu ke nan, fadama za ta karɓe shi. Ran Juma'a a gidan kawu, Isiyaku na ji, na yi ta ƙorafi cewa yaran ƙauyen nan ba su da kai.

Washegari sai ga Isiyaku a kan tsohon babur ɗinsa da ake jin tarinsa tun daga bakin hanya. Ya baza takardun yaran a tabarma, ya danne su da duwatsu, ya sa ni ina karanto masa kamar ɗan aji ɗaya. Da la'asar ya ɗago kai.

"Ƙarhe nawa kaka hwara sabon darasi?"

Na ce da an shiga aji, tun ƙwaƙwalwa na sanyi.

"To, dibi nan. Abin da kak koyar bayan tara, sun ci. Abin da kak koyar da sahe, sun hwaɗi. Yaran ga sai sun ba albasa ruwa kana su kamo hanya. Kai, ba su da kai, ko kai na ba ka da agogo?"

Kunya ta rufe ni. Shekaru ina ganin yaran suna shigowa da laka a ƙafa, ina tsayar da su a bakin ƙofa, ban taɓa haɗa makararsu da makinsu ba. Laifi tudu ne. Amma a gaban taubashi ba a faɗuwa ƙasa, don haka na ce masa ai dama na lura da hakan. Ya yi dariya har ya kusa kasa tayar da babur.

Na roƙi shugaba ya ɗaga mini ƙafa. Muka mayar da sabon darasi bayan tara, na sake koyar da abin da ya wuce su. Aka yi wa kowa rajista. Ba duka suka ci ba, amma waɗanda suka ci sun isa su hana ni sake faɗin waccan magana.

Yau ni ne shugaban makarantar. Matasan malamanmu da kwamfuta suke aiki, nan take ta fito da jadawali mai ja da kore. Nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce. Na tabbata zai fara kushe injin, sannan ya nemi a koya masa a ɓoye. Daga nan zai tambaye su, "Kun ga ja, to mi ya kawo shi?" Wannan kam kwamfuta ba ta faɗa, sai wanda ya san hanyar da yaro ya biyo. Shi ya sa duk malamin da ya kawo mini sunayen da za a cire, nakan mayar da shi ya gano mini wace tambaya, wane darasi, wane lokaci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Isiyaku bai bar gida mai bene ba. Abin da ya bari shi ne yara da yawa da bai ma san fuskarsu ba, waɗanda suka zauna jarrabawar da za a hana su. Ina kewarsa ƙwarai, har da tsiyar tasa. Sau da yawa ya tambaye ni ko da gaske na lura, ni kuwa na dage har ya koma ga Ubangijinsa. Taubashi, ban lura ba, kai ka gani. Na bari ne sai yau da ba za ka iya yi mini dariya ba. Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.