Ƙullin Mayafi a Tashar Mina

Ban taɓa mantawa da ranar sha ɗaya ga Zulhajji ta shekarar da aka ɗauke ni daga ƙofa ba. Mu huɗu ne a ɓangaren mata na tashar jirgin ƙasa ta Mina: ni Hajja Binta ta unguwar Hindawiyya, da Zulai 'yar unguwar Utaibiyya mai duba awarwaron alhazai da na'ura, da Abu Salim mai tsaron ƙofofin jirgi, sai mushrifarmu, wato shugabar tawaga, Hanan, wadda ni na yi wa uwarta wankan jego a unguwar Jarwal.

Ku sababbin ma'aikata ba ku san farkon tashar nan ba. Tun shekarar 1431 ta Hijira da aka buɗe ta nake can. Lokacin gini, a unguwarmu cewa ake ƙarƙashin ƙasa jirgin zai bi, sai ga shi an ɗora shi a kan ginshiƙai. Kwanakin Hajji kawai yake aiki. A tara alhazai a ƙasa, a duba awarwaro, su hau sama su jira bayan ƙofofin gilashi. Ƙofofin nan da kansu suke rufewa, ba ruwansu da tsohuwa.

Matanmu na Najeriya da Nijar kuwa, don tsoron ɓata, ƙulle bakin mayafansu suke yi da juna, su shida, su bakwai. Kwance ƙullin nan shi ne aikina shekara da shekaru, ko da yake babu takardar da ta ce haka. In tsaya a ƙofa ina kallon mayafai, in kwance, in ce su riƙe hannu.

A shekarar da nake ba ku labari aka ce mai tsayawa a ƙofa dole ya iya karanta na'ura. Ni ban taɓa shiga aji ba. Hanan ta mayar da ni gindin matakala ina raba ruwa. Na yi mata zancen ƙullin, ta amsa mini da Larabci wai ba ya cikin tsarin aiki.

Bayan azahar wasu mata Sakkwatawa bakwai masu zuwa jifa suka wuce ni a ƙulle. Na ajiye ruwan na bi su, Hanan ta sha gabana.

"Ya Hajja, koma wurinki."

"'Yar nan, a ƙulle suke."

"Wurinki," ta ce.

Huɗu suka shiga, ƙofa ta rufe a kan mayafi. Ta biyar, wata tsohuwa, mayafin ya fizge ta ta faɗi, hannunta ya karye. Allah ya sa Abu Salim ya tsayar da jirgin kafin ya motsa. Asibiti aka kai ta, ba ta yi jifa da hannunta ba.

Da la'asar aka kawo takarda wai rahoto ne, kowa ya sa hannu. Na dangwala yatsa. Daga baya Zulai ta karanta mini: an rubuta cewa ma'aikaciya mai jin Hausa ta bar wurinta, kuma ba ta gargaɗi alhazai ba. Kafin magariba an karɓe katin aikina.

Ku riƙe wannan. A aikin nan, abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne, ko shekara nawa kika yi kina yin sa. In kuma aka tashi rubutawa, a kan wadda ba ta iya karatu ba ake rubutawa. Kada ki dangwala sai an karanta miki.

Washegari da safe na sa abayata, na tsaya bakin titi a wajen shinge, inda ba a tambayar kati. Ayarin farko 'yan Damagaram ne, a ƙulle. Hanan ta hango ni daga matakala ta kau da kai. Na kama bakin mayafin ta gaba na fara kwancewa.