Tankar Yumɓu a Cikin Randar Iya

Ana saura kwana biyu kasuwar Cadawa, a kakar farko bayan samun 'yancin kai, na tsaya bayan rumbunmu ina kallon Iya, kakata, tana jera tukwanenta a ramin gashi. Aikin wata guda ne: tuluna, kasake, da babbar randa ɗaya wadda ta fi kowace cin lokacinta. Ta kifa su, ta lulluɓe da kashin shanu da karan gero da ƙaiƙayi. Ba ta san cewa a ƙarƙashin randar nan akwai tankar yaƙi ba. Ni na cusa ta lokacin da ta tafi ɗebo garwashi, ina da shekara tara.

Kawu Ɗan Soja ne mafarin abin. Ya yi wa Faransa yaƙi a ƙasar Turawa, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji. In muka taso daga lakol, wato makarantar boko, ni da 'yarsa Rabi, mukan same shi gindin gawo yana tufka igiya, mu yi ta tsinkar gyaɗa muna jan shi da tambaya. Tankokin Faransa na farkon yaƙi, in ji shi, fatarsu da kauri, amma mutum ɗaya ne a sama, shi ne mai duba hanya, shi ne mai ɗura harsashi, shi ne mai harbi. "Kamar a ce mace ɗaya ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta kori awaki." Ta Jamus ta ƙarshen yaƙi kuwa giwa ce, igwarta na cin nesa, sai dai shan mai, ga nauyin da ba kowace gada ke ɗauka ba, in ta lalace kuma a nan ake barinta. Na Amurka ba su kai ta ƙarfi ba, amma suna da yawa, ga saurin gyara. Daga nan yakan ce su kuma kama wuta ba ya yi musu wuya. In muka ce wacce ta fi, sai ya koma kan igiyarsa.

Mu muka ɗauki gardamar. Muka saci yumɓun Iya, Rabi ta gina 'yar siririya irin ta Amurka, ta bushe a yini biyu. Ni na gina giwar Jamus, bango mai kaurin yatsa uku, igwa ta karan dawa, na liƙe ko'ina ruf don kada harsashin Rabi ya samu hanya. "Taki ko rana ta gaji da ita," in ji Rabi. Shi ya sa na ƙudura sai na gasa ta ta yi ja kamar tulu.

Sai da wuta ta kama na tuna abin da Iya ke yawan faɗa wa masu koyo: "Yumɓu mai kauri yana ɓoye ruwa, wuta kuma ba a ɓoye mata." Tankata a waje ta bushe, amma da na ɗauke ta da safe akwai sanyi a cikinta. Hayaƙi ya miƙe, karan yana ƙara, Iya na zagayawa da doguwar sanda tana gyara wuta. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa mata, na fasa. Na ce a raina wataƙila ta tsira, na ƙirga kurciyoyin kan rumbu, na sake ƙirgawa. Kawu ya iso da damin kara a kai.

Sai wata ƙara ta fito daga ramin kamar an fasa dutse. Garwashi ya watse, kaji suka tashi. Da na buɗe ido, Kawu na kwance rubda ciki cikin toka, hannuwansa a kan ƙeya, yana kiran wani suna da ba na garinmu ba. Iya ba ta ko dubi ramin ba. Ta durƙusa ta dafa bayansa tana cewa, "Gida ne, Ɗan Soja, gida kake," har ya tashi zaune.

Washegari da aka tone toka, randar ta rabe uku, tuluna biyu sun tsage. Na faɗi gaskiya kafin a tambaye ni. Iya ta ce sai na yi wata guda ina kwaɓa mata yumɓu, na kuwa yi. Kawu ya tsinci ɓarin tankata, ya daɗe yana juya shi a tafinsa. "'Yar lakol, ina ƙofarta?" Na ce ban yi mata ba, don ta fi ƙarfi. Ya ce, "Kullum kuna tambayata wacce ta fi. Wadda in ta kama wuta mutanen ciki ke iya fita."

Yanzu ina koyarwa a Maraɗi, yarana na aji suna ƙera tankoki da gwangwani da waya, suna gardamar wacce ta fi igwa. Iya da Kawu duk sun rasu, ramin gashin ya zama gonar kuɓewa. In yaro ya kawo mini tasa yana alfahari, nakan karɓa in juya ta a hankali, ƙofar nake nema.