Kunun Kanwa a Gaban Iyayen Yara

Duk tsawon raina ba zan manta da ranar da tauraro ya kusa raba ni da aikina ba. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata makaranta a Keffi, shekarun da tsadar haya ta fara koro ma'aikatan Abuja zuwa garinmu. Ni kuwa bakina ba ya riƙe abin da na karanta. Na gaya wa 'yan ajina cewa akwai taurarin da tun suna ƙanana suke haɗiye duniyoyin dutse da ke zagaya su, kuma ranarmu ma tauraro ce.

Wata yarinya ta koma gida ta ƙi fita tsakar gida, wai rana za ta cinye ta. Nan da nan magana ta zaga masallaci da coci, an ce wata malama ta sa wa tashin duniya lokaci. Mai makaranta ta kira taron iyaye, ta ce min in ba su gamsu ba in kwashe kayana.

Ranar taron ta zo. Na shiga da kwano biyu na kunu daga gasara ɗaya. Na ce musu haka wasu taurari suke, tagwaye ne daga gajimaren iska guda, kayan jikinsu iri ɗaya. Sai na zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a kwano ɗaya, launinsa ya juya. Na ce dutsen da tauraro ya haɗiye yakan narke a samansa, ƙarfe da sauran ma'adanai su ƙaru, masana kuma su gane hakan cikin haskensa in sun gwada shi da na ɗan'uwansa.

Mahaifin yarinyar ya miƙe, fuska a murtuke.

"Malama, kunu dai mun gani. Tamu ranar fa, za ta haɗiye mu ko a'a?"

Mai makaranta tana ta yi min ido in ce a'a a wuce wurin. Amma na kasa yi masa ƙarya. Na ce duniyarmu ta daɗe da zama daram a kan hanyarta, sai dai masana na hasashen rana za ta kumbura in ta tsufa, bayan dubban miliyoyin shekaru. Sanin ƙarshe kuwa sai Allah.

Na fara tunanin inda zan nemi wani aikin. Can mahaifin ya numfasa.

"To ki zo gida da kwanoninki ki faɗa wa 'yata haka. Ni na yi lallashin, na ce ƙarya ce, ta ƙi yarda da ni."

Na je, washegari kuwa yarinyar ta fito wasa. Daga ranar na koyi cewa yaron da ya tsorata ba musu yake nema ba, gaskiya yake so a gaya masa gaba ɗayanta, da kalmomin da ya saba ji a gida.