Kwana Goma Babu Aska

"Ka lura da kan Mai Aski kuwa?"

"Na gani. Ko askarsa ce ta ɓace?"

"Kai ma dai ka faɗa. Mai niyyar layya ne ke barin gashi da farce kwana goma, sai ya yanka."

Mai Aski yana jin hirar 'yan unguwa ta tagar shago, yana wasa aska a jikin fata, murmushi na neman tsaga masa kumatu. Shekara ashirin da uku ke nan, duk yammacin ranar layya masu yanka ke yin layi ya sauke musu suma, suna ƙamshin hayaƙi, shi kuwa kansa tal kamar ƙwai, ya koma gida da ƙullin naman da aka ba shi. Bana nasa ragon na ɗaure a bayan ɗaki.

Matsalar hannunsa ce, da ya saba kai wa aska tun ido bai gama buɗewa ba. Rana ta huɗu har ya shafa sabulu, matarsa ta fizge askar. Ta ce idan Annabi Ibrahim ya iya miƙa ɗansa don bin umarni, ai malam ma zai iya jure ƙaiƙayin gemu. Ta kife madubin ɗaki a ƙarƙashin gado. Tela maƙwabcinsa kuwa kullum sai ya leƙo ya tambaya ko a ɗinka masa hula mai faɗi, ta rufe wannan daji.

Ranar layya, aka sauko daga idi, liman ya yanka, Mai Aski ya kwantar da ragonsa ya fuskantar da shi alƙibla. Ya ɗauki wuƙa. Ya yi bismilla, ya yi kabbara, ya yanka.

Matarsa ta kasa naman uku: na gida, na dangi da maƙwabta, na mabuƙata. Da ƙafarsa ya bi ƙofofin da suka saba aiko masa, yana sallama da ƙarfi.

Da yamma ya tarar da layi a shago. Ya ratsa su, ya hau kujerarsa, ya miƙa wa Tela askar.

"Maƙwabci, zo ka fara da ni. Amma don Allah a hankali, ka tuna fata ce, ba yadi ba."