Koren Silifa a Kwando

Asabar ce ta bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na tsaya cikin ruwa har gwiwa a gefen wani ƙaramin tsibiri a Ada ta ƙasar Ghana, inda kogin Volta yake shiga teku, na rungume igiyar kwalekwalen Baba na ƙi saki. Inji yana ta gurnani, mata goma sha huɗu sun zuba min ido, Baba kuwa ya ɗaga murya: "Ke Idan-fa, saki igiyar nan ki hau, ruwa na cikowa!"

Sunana Zainabu, amma a zangonmu ba mai kirana da shi. Tun ina ƙarama bakina bai rabuwa da "idan fa". Idan fa garwashin bandar kifin Inna ya kama zana? Idan fa ban rufe randa ba ƙadangare ya faɗa? Sau uku nake komawa in duba ƙofar akurkin kaji. A makaranta ƙawayena na wasan gaɗa, ni ina gefe ina tsaron jakunkunansu ba tare da kowa ya sa ni ba. Inna takan ce, "Yarinyar nan tun ba ta yi haƙori ba ta tsufa." Dariyar tana min ciwo, amma na kasa dainawa.

Baba yana kai baƙi yawon buɗe ido tsibiran nan. Suna zuwa daga Accra su sha ruwan kwakwa, su ci gasasshen kifi, su bi ƙaguwa da gudu kan farin yashi, a nuna musu inda ruwan kogi da na teku suke haɗuwa kowanne da launinsa. Kwalekwale ba ya isa tudu, sai an sauka an taka ruwa, don haka kowa yakan cire takalminsa ya jefa a wani kwandon kaba a ƙasan benci, in an dawo ya ɗauki abinsa. Ranakun hutu nakan bi Baba, kwandon nan kuwa na mai da shi nawa.

Ran nan da la'asar matan suka hau, kowacce ta lalubi takalminta. Baba ya ƙirga kawuna, goma sha huɗu cif yadda ya kawo su, ya ja igiyar inji. Ina leƙa kwando sai ga koren silifa ƙafa biyu, an ɗaure maɗaurin ɗaya da zaren buhu. Na faɗa wa Baba, ya ce wata ce ta manta. Na bi ƙafafun matan da ido, kowacce da takalmi. Na san bayan tsibirin akwai harshen yashi da ruwa ke shanyewa in teku ta ciko, kuma babu jirgin da zai sake zuwa sai gobe. Ban san lokacin da na diro na cafke igiyar kwalekwalen ba.

Wata mai babban ɗaurin kallabi ta ce, "Malam, 'yarka ce direban ko kai?" Aka bushe da dariya. Na ɗaga silifan sama na ce, "To na wace ce?" Can wata ta sunkuyar da kai ta ce ita a wani kwalekwalen ta zo, ta haɗu da ƙawarta a nan ta biyo mu da takalminta a hannu. Ashe ita ce ta cika lissafin Baba. Sai aka tuna da wata tsohuwa da ta shigo ita kaɗai da safe, ta zauna baya ba ta ce da kowa komai ba.

Baba ya kashe inji, muka keta cikin kwakwa da gudu. Muka same ta a kan harshen yashin, ta yi salla ta kishingiɗa, iska ta ɗauke ta da barci. Ruwa ya riga ya yanke tsakaninta da tudu, yana lasar gefen mayafin da ta shimfiɗa. Baba ya kutsa har ƙugu ya goyo ta. Da muka dawo matan suka ɓarke da guɗa, mai kallabin nan ta ɗaga ni sama kamar jaririya. Tsohuwar, Hajiya Ladi, ta sa silifanta ta dube ni ta ce, "Ƙawata, ashe tsumman nan da jikokina ke cewa in yar, shi ne ya yi min magana." Muka isa gaɓa. Baba yana ɗaure jirgi ya ce, yadda duk masu kwalekwale za su ji, "Daga yau ba na tayar da inji sai Idan-fa ta ce kwando ya tashi babu komai." Ranar na shiga zango kaina a sama.

Yanzu ina Dubai, mu shida a falat ɗaya a unguwar Al Qusais, ina aikin share-share da raba lemo a wani farin jirgi mai zagawa da baƙi su ga tsibirin da aka zuba yashi aka yi shi da siffar dabino. Kwakwa a nan sai a firji, ƙaguwa sai a faranti, sunayen baƙi kuma suna cikin wayar kyaftin. Amma su ma sai sun cire takalmi sun sa a kwando kafin su taka benen jirgi. In mun dawo kyaftin yakan ce, "Yalla Zainab, kalas," wato mu tafi an gama, ni kuwa ba na motsi sai na ga gindin kwandon. Baba ya rasu, kwalekwalensa ya ruɓe a bakin kogi. A garin nan kowa Zainab yake ce min, ni kuwa sunan da na tsana nake kewa.