Haddar Badaru Wanzami

Badaru ya zo Madina karatu da haddar izu sittin a ka, amma ƙaho ne ya riƙe shi. Wajen 1981 duk unguwar Harra ta Gabas an san wanzamin nan ɗan Gumel, marar mata, marar surutu, wanda ake cewa ya iya Indiyanci. Ina ya iya! Sunayen gaɓoɓi kawai ya sani.

Maƙwabcinsa Abdulrauf, wani tsohon tela Ba'indiye, shi ya koya masa su don alhazan da ke zuwa ƙaho: sar kai, fet ciki, haddi ƙashi. Tsohon ba ya ba da kalma sai da asalinta. Da gurgun Larabcinsa yakan ce hat, wato hannu, da dant, haƙori, gadon kakanni ne, har mutanen Bangal da Gujarat kusan haka suke faɗa. Dil kuwa, zuciya, daga Farisa ta zo ta samu wurin zama. Badaru ya kwashe abin da sana'a ke so, ya bar sauran. Shekara tara bai taɓa tambayar yadda ake cewa sannu ba.

Ranar da ɓarin jikin Abdulrauf ya shanye, Larabcin ya tafi gaba ɗaya. Da hantsi ya riƙe rigar Badaru yana ta maimaita magana ɗaya da Indiyanci. Badaru ya gane wasiyya ce, kuma ba mai ji sai shi. Ya lalubi kalmominsa, babu ko ɗaya a ciki, sai sunansa da ya ɗauka kira ne kawai. Tsoro ya kama shi kada amanar mutum ta mutu a kunnensa.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya kasa kunne, ya bi bakin tsohon kamar mai ɗaukar ƙari a gaban malami, har sautin ya zauna. Kafin la'asar Abdulrauf ya cika.

Bayan jana'iza ya taka har unguwar Jurf, yana bita a hanya kada harafi ya zube, ya sami wani mai burodi ɗan Karachi mai jin yaren tsohon, ya karanta masa. Yana jiran sunan gari, ko na ɗa, ko na 'ya.

Mai burodin ya goge hannu ya tambaye shi da Larabci, “Wane ne Badaru?”

“Ni ne.”

“To ba kai aka ba saƙon ba, maƙwabta ne. Cewa ya yi, kada ku bar Badaru ya riƙa cin abinci shi kaɗai.”

Badaru ya yi godiya ya juya. Duk tsawon hanyar Harra yana tunanin wanda zai kai wa saƙon, bai samu ba.