Hoton da Inna ba ta gane ba

Tun ina yaro nake ba mutane dariya da wannan fuska tawa, amma ban taɓa tambayar kaina me suke gani a cikinta ba sai da wani darakta ya kira ni daga Kano. Ya ga wasan kwaikwayon da ƙungiyarmu ta yi a kasuwar Batsari, inda na fito a tsoho mai taurin kai. Ya ce akwai irin tsohon nan a fim ɗinsa, amma mai fim ɗin, wanda ya zuba kuɗi, bai san ni ba, sai ya ga hoton fuskata kafin ya yarda.

Na yi aski, na ari babbar riga, na hau babur zuwa Safana wurin wani mai hoto da ake cewa ko akuya ya ɗauka sai ta samu manema.

"Baba, rufe baki," in ji shi. "Ba a dariya a hoto."

"To ai dariyar ce sana'ar tawa."

"Sana'a daban, hoto daban. Ɗaga haɓa."

Na daskare kamar mai neman fasfon Hajji. Da ya koma kan kwamfuta na leƙa ta bayansa don in ga yadda ake yi. Wallahi abin kallo ne! Zanen gadon da wanzami ya yi mini tun ina jinjiri ya bi ya goge, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sharar tsakar gida. Furfura ta tafi. Kumatu suka ciko. Ya yi ta ƙara mini haske har na fara zargin ko a Madina aka haife ni. Na tambaye shi ina zanen yake zuwa in an goge, ya ce shi ma bai taɓa bin sawu ba.

Na tura hoton ta waya ina taƙama. Darakta ya kira nan take.

"Malam, wannan ƙanenka ne? Mai fim ya ce ba ango yake nema ba. Ina giɓin? Ina zanen? In ba su zo ba kafin jibi, wani za mu ɗauka."

Na kai wa mahaifiyata wanda aka wanke, ko ita za ta goyi bayana. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Ɗan wa ye wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Kai dai. Nawa ina ɗaki ina jin ihunsa ranar da aka yi masa zane. Wannan bai taɓa kuka ba."

Washegari na koma Safana da tsohuwar hulata. Mai hoto ya ji buƙatata ya dafe kai.

"Haka nan, ba gyara? Baba, don Allah kada ka ce a shagona aka ɗauka."

Maganar ta ba ni dariya, shi kuwa ya danna. Na karɓi hoton na zuba masa ido. Ashe in na yi dariya zanen nan tattaruwa yake yi ya haura wajen kunne, giɓin kuma ya isa kaza ta wuce da 'ya'yanta. Ashe abin da mutanen Batsari ke kallo ke nan, ni kaɗai aka bari a baya.

Na tura wa darakta wannan hoton, aka ba ni matsayin tsohon a fim ɗin. Wancan kyakkyawan kuwa yana nan manne a ƙofar shagon, kuma na ji an fara tambaya ko yana da aure.